Amsa ga Hajiya kan yaron da ke son binciken lab

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yamma. Hajiya, na saurari saƙonki. Kika ce yaronki yana aji biyu a babbar sakandare, bayoloji ya shiga ransa, yana neman ta inda zai fara binciken lab, wato ɗakin gwaje-gwajen kimiyya. To Allah ya yi masa albarka, wallahi na ji daɗin tambayar nan.

Shawarata, kada ya zauna jiran a buɗe masa ƙofar lab. Ya fara a gida, da waken da ke cikin sito. Ya samo wanda ƙwari suka fara taɓawa. In ya duba da kyau zai ga ɗigo-ɗigo farare a jikin ƙwayar, ƙwan ƙwarin ke nan. Tsutsar tana ƙyanƙyashewa ta shige ciki ta yi ta ci, bayan kamar wata guda ƙwaron ya fito ya bar rami zagayayye. To ya gauraya waken, ya raba a kwalabe daidai wa daida. Wasu ya zuba toka, wasu garin ganyen darbejiya, wasu ya cika su maƙil ya toshe yadda iska ba za ta shiga ba. Wasu kuma ya ɗaure bakinsu da ƙyalle kawai, kada ya sa musu komai.

Hajiya, waɗannan na ƙarshen su ne binciken. In babu su, da me zai gwada ya ce toka ta yi aiki? Kuma kowane iri ya zama kwalba 3 aƙalla, don kwalba ɗaya tana iya yi maka ƙarya. Bayan sati 6 ya ɗebi ƙwaya 100 a kowace kwalba ya ƙirga masu rami. Ya rubuta komai da biro a littafi guda, da kwanan wata, har abin da bai fito yadda ya so ba. Kada ya yage shafi, kada ya gyara lamba.

Kada ki ga kamar wasan yara ne. Buhun nan na PICS mai leda biyu a ciki da manoma ke adana wake, daga irin wannan tambayar ya fito a Jami'ar Purdue ta Amurka: in aka toshe iska, ƙwarin su shaƙe wadda ta rage, su daina ci, su mutu. Nan Samaru ma, cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke ABU Zariya ta fitar da waken SAMPEA 20-T a 2019, wanda ke jure tsutsar da ke huda kwanso.

In littafin ya yi kauri, sai ya kai wa malaminsa na bayoloji, ya roƙi makaranta ta ba shi wasiƙa. Da dogon hutu ku je sashen nazarin halittu na jami'a ko kwalejin ilimi mafi kusa, da ƙafarki ko ta mahaifinsa, don yaro ne, za su so amincewar iyaye. Ku nemi ma'aikacin da ke kula da lab ɗin, shi ke riƙe da makulli, shi ya san kowace na'ura. Wanke kwalabe da manna musu suna za a fara ba shi, ya karɓa hannu bibbiyu. A nan zai koyi awo da sarrafa maikuroskop, na'urar duba ƙananan abubuwan da ido ba ya iya gani.

Abu ɗaya nake roƙo: kada a kai shi lab ɗin gwajin jini na unguwa. Allura ɗaya ta soke shi, ana maganar ciwon hanta ne. Ya tsaya kan tsirrai da ƙwari tukuna. Kuma WAEC da JAMB kada su sha wahala saboda wannan.

Ki ce ya turo min hoton shafin farko kafin ya rufe kwalaben, in duba masa tsarin. Na gode, a gaida gida.