Bikin hasken sama a labarin ƙirƙira

Ɗan'uwa, ka ce kana rubuta labarin wata ƙabila ta ƙirƙira mai bikin hasken sama duk shekara, kana so ya yi kama da gaske. To fara zaɓen hasken tukuna. Wancan koren hasken sama da kake gani a Facebook sai can ƙuryar arewacin duniya irin su Norwe, ko can ƙuryar kudancinta, kar ka kawo shi sararin Maradi, masu karatu za su kama ka.

Ni da zan ba ka shawara ka ɗauki ruwan taurari (wato lokacin da ake ganin kamar taurari na ta faɗowa daga sama) na daren 13 zuwa 14 ga Disamba, an gama girbi, rumbu cike da hatsi, mutane na da sukunin biki, ga sanyin hunturu kowa ya ƙudundune a bargo bakin gulbi, a kashe fitilu da cocila a yi tsit ana ƙirga masu faɗowa. Akwai na 12 ga Agusta amma damina ce, hadari zai rufe maka komai. Ka kula da hazo da farin wata, suna dusashe su.

In labarin zai taɓo bautar taurari, ka zauna da malami kafin ka saki.