Dalilin da ya sa ba a yi wa fotasiyam gaggawa

'Yata,

Saƙonki ya iso, na kuma ji daɗin tambayar. Kin ce tun da kika fara koyon aikin jinya kin lura da wata al'ada: ba a taɓa zuƙo fotasiyam a sirinji a tura shi kai tsaye cikin jijiya, sai an sirka shi a ledar ƙarin ruwa ya riƙa ɗiga a hankali, kuma sai nas ta biyu ta duba ta sa hannu. Kina tambaya ko tsoro ne kawai aka gada daga na gaba. Tsoron yana da tushe, kuma tushen yana cikin tantanin da ya lulluɓe kowace ƙwayar halitta ta jikinmu.

Tantanin nan na maiƙo ne. Sodiyam da fotasiyam kuwa suna yawo a ruwan jiki ɗauke da cajin lantarki, ruwa ya kewaye kowannensu, ba su iya ratsa maiƙo da kansu. Dole sai furotin ya ɗauke su ko ya buɗe musu hanya. Babba a cikin masu wannan aiki shi ne famfon sodiyam da fotasiyam, wanda Jens Skou na ƙasar Danmak ya gano a 1957 cikin jijiyar ƙaguwa, har aka ba shi kyautar Nobel a 1997. Duk zagaye ɗaya yakan fitar da sodiyam 3, ya shigo da fotasiyam 2, ya ƙona ATP ɗaya, wato sinadarin da ke ba ƙwayoyin halitta makamashi, dare da rana babu hutu. Shi ya sa kusan kashi 98 cikin 100 na fotasiyam ɗin jiki yake cikin ƙwayoyin. A ciki yakan kai wajen milimol 140 a lita, a jini kuwa 3.5 zuwa 5 ne kacal.

Ban da famfo akwai ƙofofi, su ma furotin ne. A 1998 wani masani mai suna Roderick MacKinnon ya nuna siffar ƙofar fotasiyam, kuma wallahi har gobe abin yana ba ni mamaki. Sodiyam ya fi fotasiyam ƙanƙanta, amma shi ake hanawa wucewa. Duk mai son shiga sai ya tuɓe ruwan da ke jikinsa, kamar mai cire riga a bakin ƙofa. A maƙogwaron ƙofar akwai ƙwayoyin oksijin a jere, daidai girman fotasiyam, suna riƙe shi a madadin ruwan da ya bari. Sodiyam ya yi musu ƙanƙanta, ba su kama shi da kyau, sai ya ƙi sakin ruwansa ya tsaya a waje.

To, ga inda zuciya ta shigo. Ta waɗannan ƙofofi fotasiyam ke ɗan zurarewa waje, cajin cikin ƙwayar tsokar zuciya ya zauna a wajen milibolt 90 ƙasa da sifili. Daga nan kowane bugu yake tashi. In kika tura fotasiyam a lokaci ɗaya, na jini ya haura nan take, tazarar ciki da waje ta ragu, cajin ya lalace, ƙofofin sodiyam su maƙale a rufe. Zuciya na iya tsayawa kafin ki ajiye sirinjin. Ɗigon a hankali shi ke ba famfo lokacin kwashe shi zuwa ciki, ƙoda kuma ta zubar da rarar.

Da wannan za ki gane wasu abubuwan da kike gani. In fotasiyam ya yi yawa a jinin majiyyaci, ana ba shi insulin tare da gulukos, don insulin na zaburar da famfon. Maganin zuciya na digoxin kuma famfon yake dannewa, shi ya sa gubarsa ke ƙaruwa in fotasiyam ya yi ƙasa.

Kafin ki rataya leda, ki tabbata majiyyacin yana fitsari sosai. In kuma an zuba fotasiyam a cikinta, ki jujjuya ta da kyau, domin ruwansa ya fi nauyi, yana kwanciya a ƙasa inda robar take zuƙar ruwan.

Ki gaishe min da mahaifiyarki.

Gwaggonki