Ta ina za a fara koya wa injiniyoyi tattalin arziki?

Malam, ka tambayi ta inda za ka soma da ɗalibanka injiniyoyi. Lissafi ba ya ba su tsoro, kada ka daɗe a kansa. Halin mai saye da mai sayarwa ne ke musu wuya.

Tura su kasuwar Dole ta Damagaram su ji kuɗin tiyar hatsi da kaka, su kwatanta da na damina lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, su zana da hannunsu yadda ƙarancin kaya ke ɗaga farashi.

Sannan ka shigo da tattalin arzikin ƙasarmu Nijar: matatar man fetur ta SORAZ da aka buɗe a 2011, da dalilin da ya sa Yuro ɗaya ke tsaye kan sefa 655.957 alhali naira na hawa da sauka, da yadda hakan ke taɓa cinikinmu da Kano.