Ko ana iya gane tsohon da maƙarƙashiya za ta kama tun da wuri?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Mahaifina ɗan shekara 79 yana gidan kula da tsofaffi tun da ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ta yaya za mu gane ko maƙarƙashiya na shirin kama shi? Daga wata mai karatu a Agege, Legas.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ana iya hasashen wannan matsala, kuma abin da na fi ba muhimmanci shi ne rashin motsi, domin hanjin tsohon da ke wuni a kwance yakan yi sanyin aiki. Sai a duba magungunansa, musamman tramadol, kodin da ƙwayoyin ƙarin jini, waɗanda kan busar da bayan gida. Ciwon suga, cutar mantuwa da ƙarancin shan ruwa suna ƙara haɗarin, kuma tsofaffi da yawa kan rage ruwa da gangan saboda kunyar neman a kai su bayi, alhali zafin Legas na sa su zufa.

Ki roƙi ma'aikatan gidan su riƙa rubuta ranakun da ya yi bayan gida, domin ƙasa da sau 3 a mako alama ce ta maƙarƙashiya. A ƙara masa wake, zogale, kuɓewa da gwanda, gwargwadon yadda yake iya haɗiya. Idan aka ga jini, amai, kumburin ciki, ko gudawa bayan kwanaki bai yi bayan gida ba, a kira likita nan take.