Idan Tsokar Murjani Ta Fara Zubewa

Yarona, ka ce reshen Acropora, wato murjanin teku mai rai mai rassa, da ke tankin ruwan da kake kula da shi ya fara fari daga gindi, kana tambaya ko ka zuba magani. Kada ka zuba komai tukuna, domin ba a maganin ciwon da ba a gane ba.

Da farko ka tabbatar tsokar ce ta zube, ba koɗewa ya yi ba. Murjanin da ya koɗe tsokarsa tana nan, ya dai kori ƙananan tsirran da ke zaune a cikinta suna ba shi launi da abinci, kuma idan ka matso da fitila za ka ga 'yan bakunansa. Wanda tsokarsa ta zube kuwa ƙashi ne tsirara mai kaushi, wanda gansakuka ke rufewa cikin 'yan kwanaki.

Sannan ka lura da saurin abin, ka riƙa ɗaukar hoto safe da yamma daga wuri ɗaya. Idan tsokar tana saɓulewa har reshe ya ƙare cikin kwana ɗaya ko biyu, galibi ruwan ne ya sauya farat ɗaya, sai ka auna shi nan take: ya kamata zafi ya tsaya wajen digiri 25 zuwa 26 na Celsius, gishiri 1.025 a ma'aunin nauyin ruwa, alkaliniti (ƙarfin ruwan na hana kansa yin tsami) tsakanin 7 da 9 a ma'auninsa da ake kira dKH. A ganina hawa da saukar alkaliniti ya fi ƙarancinsa ɓarna, saboda haka ka duba littafin awonka na makon jiya.

Wurin raunin ma yana magana. Farin da ya hau daga gindi a hankali, kamar naka, yakan nuna inuwa da ƙarancin gudun ruwa, amma kada ka yanke hukunci sai ka ɗaga murjanin ka leƙa ƙarƙashinsa, domin a nan tsutsotsi masu faɗi da ke cin Acropora suke manna ƙwayayensu, suna barin tabon cizo zagaye-zagaye. Idan gefe guda ne kawai, ka zo da dare ka ga ko maƙwabcinsa, musamman murjanin da ake kira Galaxea, yana miƙo dogayen hannuwansa yana harbinsa.

Muddin farin yana ci gaba da hawa, ka yanke reshen da ke da lafiya kamar santimita 1 sama da bakin raunin, ka tsoma shi a ruwan tankin da ka gauraya da aidin a kwano daban, sannan ka ajiye shi a keɓe inda ruwa ke gudu sosai.