Tarar kotu: wani ya ce zai kashe mini maganar da kusan rabin kuɗi

Tambaya: Lauya, ɗana yana tuƙa pragya, wato keke mai ƙafa uku na haya, a Kumasi. Kotun gunduma ta ci shi tarar yunit 100, in bai biya ba ya yi wata uku a kurkuku. Yanzu yana tsare. Wani mutum a ƙofar kotu ya ce in ba shi sidi 700, ya san na ciki, zai kashe maganar. Barci ya gagare ni. In ba shi? Daga wata uwa a Aboabo.

Amsa: Hajiya, Allah ya kawo sauƙi. Kada ki ba shi ko sisi.

Yunit ɗaya sidi 12 ne a ƙarƙashin dokar tara ta shekarar 2000, kenan abin da ake bin ɗanki sidi 1,200 ne. Wata ukun nan kuma madadin kuɗin ne. In an biya, sai a sake shi.

Amma bari in tsaya a kan mutumin nan, domin irinsa na gani kullum, kuma abin yana ƙona mini rai. Su ne ake kira goro bois. Suna tsaye a inuwa da fayil a hammata, suna gaisawa da kowa don ki ɗauka su wasu ne. Da zarar alƙali ya furta hukunci an rubuta, babu magatakarda, babu ɗan sanda, babu mai gabatar da ƙara da ke da ikon rage kobo. Kuɗin da bai shiga asusun kotu ba, a idon doka ba a biya shi ba. Na ga uwar da ta sayar da zannuwanta ta ba irin wannan mutum kuɗi, da yamma aka wuce da yaron kurkuku, shi kuwa mutumin wayarsa a kashe. Dole ta sake neman tarar cif. Kuma ko da a ce da gaske ya san wani, sunan abin cin hanci, ke ma sai a kama ki.

Ki tafi ofishin magatakardar kotun da lambar shari'ar, za a nuna miki inda ake biya. Ki karɓi rasit mai sunan yaron da lambar shari'ar, ki yi masa hoto da waya, ki ɓoye na asalin.

In kuɗin bai cika ba, dangi da 'yan unguwa su haɗa, ya fi sauri. In kuwa kuna ganin tarar ta yi nauyi, hanyar ita ce ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu cikin wata ɗaya. Sai dai in ɗanki ya amsa laifi da bakinsa, yawanci nauyin hukuncin kawai za a duba. Hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa tana da ofis a Kumasi, tana taimakon marasa hali. Ki je gobe da safe, Hajiya, ki tafi da wani mai karatu daga gida.