Tambaya da amsa: firiza ko tukunyar lantarki, wanne za a fara saya?

Tambaya: Ni malamar firamare ce a wani ƙauye kusa da Ringim, 'ya'yana biyar. Sai azahar nake dawowa in ɗora girki. Na ji ana haɗa miyar mako guda a daskarar a firiza, kullum da safe a juye leda ɗaya a tukunyar lantarki mai dahuwa a hankali. Kuɗin adashena ɗaya kawai zai saya. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Malama, fara duba awa nawa kuke samun wuta a yini. Tukunyar ba ta da cin wuta, yawanci wat 200 zuwa 300 ne, amma tana so a bar ta awa 6 zuwa 8 ba yankewa. In aka ɗauke wuta da hantsi kina makaranta, naman zai zauna cikin ɗumi, tsakanin digiri 5 da 60, inda ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa. Irin wannan miya zubarwa ake yi, ko da ba ta yi tsami ba.

Don haka firiza muke ba ki shawara, mai buɗewa ta sama. In tana cike kuma ba a buɗe ta ba, takan riƙe sanyi kusan awa 48 bayan ɗauke wuta. In rabi ce, kusan awa 24. Ki cike gurbin da ya rage da robobin ruwa, su zama ƙanƙara. Idan kuwa kuna yin kwana uku ba wuta, gara ki ƙara haƙuri ki tara kuɗin mai aiki da sola.

Ranar Asabar ki yi aikin. Ki soya markaɗen tumatir da tattasai da albasa har ruwansa ya tsotse, mai ya taso. Ki sulala nama da daddawa da kayan ƙamshi. Ga gida mai mutum bakwai, rabin kilo na nama da markaɗe cikin gwangwanin madara uku ya isa miya ɗaya. Kada ki bar haɗin naman da markaɗen ya huce a tukunya, don cikinta na daɗewa da ɗumi. Ki baza a faranti mai faɗi, ya shiga firiza kafin awa ɗaya in lokacin zafi ne. Kowace leda ki fitar da iskarta, ki shimfiɗe ta kaurin yatsa biyu, ki rubuta kwanan wata. Lebur ɗin leda ya fi saurin daskarewa da narkewa fiye da dunƙule.

Kuka da busasshiyar kuɓewa ba sa buƙatar firiza, sai ranar ci za ki kaɗa. Tuwo ma a tuƙa sabo.

Aikin tukunyar lantarki kuwa, kwando zai yi miki shi kyauta. Ki tafasa miyar sosai minti 20 da safe, ki sauke ba tare da buɗe murfin ba, ki sa a kwandon da kika shimfiɗe da bargo, ki lulluɓe ta ko'ina. Kina dawowa ki sake tafasawa.

Tambaya: Na saya wa maiɗakina tukunyar, muna da sola a nan Kura. Amma miyar tsululu take fita. Ina matsalar?

Amsa: Malam, tururi ba ya fita daga wannan tukunya, saboda haka rabin ruwan da aka saba zubawa ya isa. A cika ta daga rabi zuwa kashi biyu cikin uku, a kuma daina leƙawa, don duk buɗewa ɗaya tana mayar da dahuwa baya da kusan minti 20.

Abin da ya fi damunmu shi ne jefa daskararren nama kai tsaye. Tukunyar ba ta da ƙarfin ɗumama shi da wuri. A narkar da shi cikin firji da daddare, ko a tsoma ledar a ƙulle cikin ruwan sanyi ana sauyawa duk rabin awa. Wake kuma a jiƙa shi, a tafasa a wuta minti 10 tukuna.

Mai niyyar sayen ta gwanjo ya duba ƙasanta: ta zama mai aiki da wutar volt 220 zuwa 240. Waɗanda aka yi don Amurka masu 120 ne, wutarmu ƙona su take yi.